Cutar Parkinson ba karkarwar hannu kaɗai ba ce

Yau 11 ga Afrilu, ranar da duniya ta ware don cutar Parkinson, ranar haihuwar James Parkinson, likitan Landan da ya fara bayyana ta a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum sama da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita.

Da an ambace ta, abin da ke zo mana a rai shi ne karkarwa. Wasunku sun ga bidiyon Muhammad Ali a Atlanta a 1996, yana kunna wutar wasannin Olamfik hannu na rawa. To, wannan ita ce fuskar da ido ke gani. Ni yau ina so mu yi magana a kan wadda ba a gani, don sau da yawa ita ta fi gallabar mai cutar.

Asalin karkarwa da taurin jiki shi ne mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamin. Amma cutar tana taɓa jijiyoyin hanji, da na mafitsara, da masu daidaita bugun jini, da wuraren da ke kula da barci da walwala. Shi ya sa wani yakan yi shekaru yana fama da taurin bayan gida, ko ya daina jin ƙamshi, kafin hannunsa ya fara rawa.

Ku duba yadda muke fassara waɗannan a gida. Baba ya daina zama a majalisa, ba ya son fira, sai mu ce ya yi fushi da mu. Alhali ciwon damuwa da mutuwar sha'awa suna cikin cutar kanta. Yana ihu da naushi cikin barci har ya bugi matarsa, mu ce aljanu ne. Wannan matsalar barci ce da likitoci suka sani: jiki na aikata abin da ake mafarki. Inna ta ce ta ga mutane a ɗaki, ba kowa, sai mu ce ta zauce. Hakan na iya zuwa daga cutar, ko daga maganinta. Ga yawan fitsarin dare, ga zubar yawu, ga gajiya. Wanda yawu ke zubo masa, kunya ma kaɗai ta isa ta hana shi zuwa suna ko biki. Kun ga ke nan ciwon ya zama biyu: cuta da kaɗaici.

Sannan akwai jiri. Jininsu yakan sauka idan sun miƙe tsaye, kuma wannan zafin na Afrilu yana ƙara shi. Faɗuwa ɗaya ta isa ta karya ƙugun tsoho.

To me za mu yi, mu matasa? Mu ne ke raka su asibiti, mu ke zuwa farmasi. Levodopa, babban maganin cutar, yana sassauta jiki sosai, amma ba ya kawar da yawancin waɗannan. Kuma likita ba zai san su ba in ba a faɗa masa ba, tsofaffinmu kuwa da wuya su ambaci bayan gida ko fitsari. Saboda haka ku riƙa rubutawa a salula: kwana nawa bai zaga ba, sau nawa ya tashi da dare, yaushe ya yi jiri. Ku nuna wa likita. Ku tambaye shi lokacin shan magani, don nama da nono da wake kan rage shigar levodopa jiki. A ba su ruwa isasshe, da zogale da kuɓewa da mangwaro. In za su tashi, su ɗan zauna bakin gado tukuna. Kada a sayi maganin amai ko na taɓin hankali a tebur, don irin su metokulofiramid da halofiridol suna tsananta cutar.

Abu na ƙarshe, kuma kyauta ne: in kun koma gida, kada ku tsaya ga "ya jiki?" don amsar kullum "da sauƙi" ce. Ku ce: "Baba, ka samu barci jiya?" Sai ku zauna ku saurara.