Kada Amanar Ƙungiya Ta Zauna a Kan Mutum Ɗaya

Jawabin sakatariyar ƙungiya a taron zagayowar ranar kafuwarta



Hajiya shugaba, uwar ƙungiya, ma'aji, iyayena da yayyena da ƙannena, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka bar harkokinsu suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya maimaita mana.

An ce in yi magana a kan ci gaban da muka samu. To wannan ma'aji ta riga ta karanto muku shi dalla-dalla, ba sai na maimaita ba. Ni roƙo na zo yi, amma kafin roƙon bari in fara tona wa kaina asiri.

Da yawanku kun tuna abin da ya faru a ƙarshen daminar bara. Mata biyu suka zo gidana rana ɗaya, kowacce ta ce kwasar adashen watan tata ce. Ɗaya za ta aurar da 'ya, har ta yi wa kafinta alkawarin cikon kuɗin gado. Ɗaya kuma ta shirya sarin gyaɗa tun sabuwa tana shigowa, kafin farashi ya tashi. Kuma wallahi a cikinsu babu wadda ta yi ƙarya. Ta farkon a gidan suna na yi mata alkawari, muna tsaye a tsakar gida, na ce idan na koma zan rubuta, ban rubuta ba. Ta biyun na rubuta sunanta, amma ranar da ɗakina ya yi yoyo ruwa ya jiƙa shafin, rubutun ya dame. Sai da uwar ƙungiya ta ciro kuɗi daga jarinta ta rufa mana asiri. Kuɗi dai an biya, amma bayin Allah nan biyu sun yi wata uku ba sa ko gaisawa.

Laifin nawa ne, na ɗauka. Sai dai tun daga ranar nake tambayar kaina: ranar zubin kowa, ranar kwasar kowa, wadda ta ci rance da ranar biyanta, duk a ina suke? Rabi a littafi mai falle sittin, rabi a cikin kaina. Idan yau Allah ya karɓi raina, ko na kwanta jinya, wa zai warware muku wannan lissafi?

Kuma aikin ƙaruwa ya yi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, lokacin canjin naira, yawancinmu muka koma turo zubi ta waya. Alat ya shigo wa ma'aji da sunan miji, ko sunan ɗa, ko sunan mai POS na bakin titi, mu zauna muna canki-canki: wannan kuɗin na wace ce?

Alhali muna da kwamfutar hannu, wadda yaranmu ke ce wa tab, da muka saya da kuɗin ƙungiya. Ku gaya mini gaskiya, me muke yi da ita? Hotunan taro, WhatsApp, wani lokacin kuma jikoki su kalli fim. Mun sayi sa, mun ɗaure shi a gindin bishiya, mu kuma muna huɗa da fartanya.

Abin da ta rasa shi ne manhajojin tsara al'amura, wato waɗanda za su riƙe mana rana da suna da alkawari. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1996 aka fitar da wata 'yar na'urar aljihu mai suna Pilot ta kamfanin Palm a Amurka, kuma abin da ya sa mutane suka so ta abu huɗu ne: kalanda, littafin adireshi, jerin ayyuka, da wurin ajiye rubutu. A 2005 kamfanin Nokia, wanda duk mun riƙe wayoyinsa, ya fito da kwamfutar hannu ta shiga intanet mai lamba 770, amma bai sa mata kalanda ba. Waɗanda suka saya suka yi ta ƙorafi, domin na'urar tana nuna musu duniya amma ba ta tuna musu alkawarin gobe. Mu a yau abubuwan nan huɗu kyauta suke, saukewa kawai za a yi. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko kalanda, kuma ita ce uwa. Sau ɗaya za a shigar da ranar zubi, a ce ta riƙa maimaitawa duk mako ko duk wata, shi ke nan. A jera kwasar kowa daga farkon zagaye har ƙarshensa. Da haka aka yi bara, da ina buɗe watan zan ga akwai suna a ciki, ba zan ba wata ba. Rance kuma a sa ta yi ƙara kwana uku kafin ranar biya, a kira mace cikin mutunci a tuna mata, ba sai rana ta wuce a aika mata yaro gida ana jin kunya ba. Na san iyayenmu da yawa da watan sama suke lissafi, su ce bayan ƙaramar salla ko watan azumin tsofaffi. To Google Calendar yana iya nuna kwanan watan Hijira a gefen na Bature. Sai dai wani lokaci yakan saɓa da ganin wata a nan da kwana ɗaya, don haka a riƙa rubuta duka biyun. Masu zuwa sari kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi, su ma a sa ranakunsu, don kada mu riƙa sa taro a ranar neman abincinsu sannan mu ci su tarar rashin zuwa.

Na biyu littafin sunaye. Ba lambar waya kaɗai ba. A ƙarƙashin sunan kowace mamba a rubuta unguwarta, wadda ta tsaya mata idan ta ci rance, da sunan da alat ɗinta yake shigowa da shi. Canki-canki ya ƙare.

Na uku jerin ayyuka. Sau nawa muke tashi daga taro an ce za a je sabunta rajista, za a je duba marar lafiya, za a tambayo farashin injin markaɗe, wata ya zagayo kowa ta ce ta ɗauka wance ce za ta je? A rubuta aikin, da mai yinsa, da ranarsa. Wanda aka gama a soke shi a gaban kowa.

Na huɗu wurin ajiye rubutu, irin su Google Keep. Rasit na banki a ɗauki hotonsa a ajiye. Wadda ba ta rubutun boko ta yi magana da bakinta, muryar ta zauna. Mai rubutun ajami ta rubuta a takarda a ɗauki hoto. Babu wadda za a bari a baya don ba ta yi makaranta ba.

Na san abin da ke ran wasunku. Hajiya babba ta taɓa ce mini, "'Yar nan, littafi ba ya neman caji." Gaskiyarki ne, Hajiya. Shi ya sa ba na ce a jefar da littafi ba. Littafi ya zauna, duk ƙarshen taro a gwada shi da na'urar. Amma a sani, waɗannan manhajoji suna aiki ko babu data. Idan an samu data kaɗan sai su kai kwafin bayanan ma'ajiyar intanet, ta yadda ko na'urar ta faɗa ruwa ko an sace ta, za a buɗe a wata a tarar da komai. Littafina da ya jiƙe ba shi da ɗan'uwa a ko'ina.

Sai maganar sirri, kuma a nan ba na wasa. Bashin mace sirrinta ne. Akwai wadda ko kishiyarta ba ta san ta ci rance ba. Don haka na'urar a kulle ta da lamba, mutum uku kaɗai su san lambar: shugaba, ma'aji, sakatariya. Ta daina zama abin wasan yara. Kuma kada a ajiye lambar sirrin banki ko BVN ɗin kowa a ciki. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lamba, a kashe wayar.

Abu ɗaya kuma da na'ura ba za ta yi mana ba: abin da ba a gaya mata ba, ba za ta tuna ba. Da tana hannuna ranar sunan nan amma ban shigar ba, da rigimar tana nan. Saboda haka alkawarin tsakar gida ya ƙare. Maganar kuɗi ba ta tabbata ba sai an shigar da ita a gaban mai ita, an karanta mata ta ce haka ne. Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Masu babbar waya kuma ku gwada a gida. Ranar awo, rigakafin jariri na mako 6 da 10 da 14 da na wata 9, lokacin shan maganin hawan jini, ranar kuɗin makaranta. 'Yan mata da samarin da ke nan, idan uwarku ta ce ku nuna mata, kada ku fizge wayar ku yi mata. Ku bar ta ta danna da hannunta, ko sau goma ne. Ita ma haka ta yi haƙuri da ku kuna koyon tafiya.

Roƙona ga taron wata mai zuwa guda uku ne. A amince a sa waɗannan manhajoji a kan na'urar ƙungiya, da ɗan kuɗin data duk wata. A naɗa mini mataimakiya daga cikin ƙannenmu, ta san duk abin da na sani. Sannan a sa dokar shigar da alkawari a cikin dokokinmu.

Ku kuma 'yan'uwana biyu da na haɗa faɗa, na gan ku yau a tabarma ɗaya, na gode wa Allah. Na roƙe ku gafara a ɗaki, yau ina sake roƙonku a gaban jama'a.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya mai da kowa gida lafiya.