Jawabi A Taron Ƙungiya: Mai Ciwon Sukari Da Aikin Damina

 

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan ciwon sukari, wanda ma'aikatan likita ke ce wa diyabet. Ba zan bi ta kan ciwon duka ba. Abu guda zan kama, watau mutumin da yake shan magani, sa'an nan ya ɗauki hauya ya nufi gona.

Naman jikin mutum da sukarin jini yake aiki, kamar yadda mota take aiki da mai. In kana huɗa, ko daka, ko jan ruwa a rijiya, tsoka tana ta zuƙe sukari daga cikin jini. Don haka motsa jiki magani ne ga mai wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsi, kamar tafiya da sauri. Na san manoman cikinku za su yi dariya, don daga asuba zuwa hantsi sun cika na mako guda. Lissafin na masu zama ne: mai gadi, mai shayi, mai tebur, direba. Su in sun yi tafiyar minti 10 ko 15 bayan tuwo, za su ga amfaninta.

To, ga inda abin yake. Ɗan uwanmu yana Kano ko Legas, wata bakwai yana zaune kan benci. Can aka gwada shi, can aka yanka masa yawan ƙwaya ko allura, daidai da jikin da ba ya motsi. Ruwa ya sauka, ya ƙetaro ta Kwangwalam, kashegari yana gona. Magani yana sauke sukari, hauya ma tana saukewa, kumallo kuwa bai karya ba, yana jiran a kawo fura da hantsi. Sai sukari ya faɗi ƙasa da yadda jiki ke bukata. Hawan sukari a hankali yake ɓarna, shekara da shekaru. Faɗuwarsa kuwa cikin sa'a guda tana kayar da ƙato.

Ba kowane magani ke yin haka ba, sai kowa ya duba kwalinsa. Metformine, wanda ake sayarwa da sunan Glucophage, da wuya ya jawo wannan in shi kaɗai ake sha. Amma glibenclamide, watau Daonil, da allurar insulin, su ne abin lura. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda, Daonil yakan daɗe a jikinsu, sukari ya faɗi, a tashe shi, ya sāke faɗi.

Alamun su ne: rawar hannu, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, gani dishi-dishi. In abin ya yi nisa sai mutum ya riƙa faɗa ba dalili, ko magana ba kan gado, har ya suma. A nan ne jama'a kan ce iska ce ta buge shi, a tafi neman turare. Ina roƙon ƴan gayya da matan da ke kai fura su riƙe wannan. Wanda kuka san yana shan maganin sukari, in ya rikice a gona, ku zaunar da shi a inuwa, ku ba shi sukari giram 15, watau ƙwaya 3 na sukarin kwali, ko babban cokali guda na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a ƙara. In ya dawo, ya ci abinci sosai, aikin ranar kuwa ya ƙare. Wanda ya riga ya suma, kada a ɗura masa komi a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a sa shi a amalanke ko mota sai likita, a kuma tafi da kwalin maganinsa.

Wani zai ce yaya za a ba mai ciwon sukari sukari? Ai a wannan sa'a shi ne ceton ransa. Amma ba izni ba ne na a zauna a cinye sandar rake, ko da yake ƙasarmu ta Matamaye ba ta rasa shi.

Masu na'urar gwaji, akwai wani tarko. A Damagaram da giram ake faɗa maka, a ce 0,70. Na'urar da ka sayo a Nijeriya tana iya nuna 70, wata kuma 3,9. Duk abu guda ne, kuma shi ne iyakar da ba a so a sauka ƙasa da ita. Kafin ka fita gona ka gwada. In kana kan insulin ko Daonil ka ga ƙasa da 1,00, watau 100 ko 5,6, ci wani abu tukuna. In ya haura 2,50, watau 250 ko kusan 14, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga tashin zuciya, to ranar ta likita ce, musamman ga mai allura, don aikin ƙarfi a wannan hali yana iya ƙara dagula jini.

Har wa yau, tsokar da ta wuni aiki tana ci gaba da jan sukari har kwana guda. Mutum ya dawo lafiya lau, abin ya same shi tsakar dare cikin barci. Ranar noma kada a kwana ba a ci tuwo ba. Mai allura kuma kada ya yi ta a cinya in zai taka keke ko zai yi doguwar tafiya, don tsoka mai aiki da zafin rana suna sa ta shiga jini da gaggawa. Fatar ciki ta fi. Kwalbar kuma a aje ta wuri mai sanyi kusa da randa, kada a sa ta a aljihu a tafi gona.

Sai ƙafa. Ciwon in ya daɗe yana kashe jin tafin ƙafa, ƙaya ta soke ka ba ka sani ba, ƙanƙanen miki ya zama gyambo. Kada a shiga gona ba takalmi, da maraice kuma a wanke ƙafa a duba har tsakanin yatsu. Dattijon da idonsa ya yi rauni ya sa jika ya duba masa.

Kada kowa ya rage maganinsa da kansa, ko ya bari don ya ji ƙarfi. Kafin a fara noman fari, ɗauki takardarka da kwalayenka ka je wurin majo, ko asibitin Matamaye, ka ce masa, "Zaune nake aka rubuta mini wannan, yanzu kuwa noma zan yi." Shi zai san abin da zai rage. In rani ya yi za ka koma, ka sāke zuwa a mayar da lissafi.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.