Kogi Ɗaya, Fuska Goma: Jawabi a Taron Reshe



Kwanan baya na raba wa 'yan aji huɗu takarda, na ce kowa ya zana garinsu. Galibinsu babura da bindigogi suka zana. Mu da ke koyarwa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba sai an gaya mana dalili ba. Abin da ya sa na zo da hoton nan ke nan.

Mai zanen Bafaranshe ne, Claude Monet. A 1896 da 1897 yakan yi sammako ya shiga kwalekwale kusa da gidansa a Giverny, ya yi ta zana wuri guda a kogin Sen. Bishiyoyi ba su gusa ba, gaɓa tana nan. Haske ne ke sauyawa, shi kuwa hasken yake farauta. Ku duba, da ƙyar ido ke raba ruwa da sama. Shuɗi ya narke cikin ruwan toka, inuwar ganye ma ba baƙa ba ce. In ka matso, dabbaren fenti za ka gani. In ka ja baya, sai raɓa ta sauka, har ka ji sanyin asuba. Da shi da abokansa suka baje ayyukansu a Paris a 1874, ba'a aka yi musu, wai ba su gama aiki ba.

Wannan kallo ba baƙonmu ba ne. Wanda ya ga ruwan Mairuwa cikin hazon hunturu, ya sake ganinsa jawur a tsakiyar damina, ya riga ya san darasin.

Don haka idan mun nuna wa yaro hoto, kada mu tsaya ga “mene ne wannan?” Mu tambaye shi: safiya ce ko almuru? Iska na kaɗawa? Me ka ji a ranka? Rashin fenti kuma ba hujja ba ne: akwai gawayi, jar ƙasa, alli da bula. Ba sai mun kai su bakin rafi ba. Bishiyar da ke harabar makaranta ta isa, a zana ta da hantsi, a sake zanawa da azahar.

Na gwada. Wata yarinya da aka raba da ƙauyensu ta zana rafinsu da yamma, ta ce lokacin da suke komowa daga ɗiban ruwa ne. Ranar ce ta fara yi mini magana ba tare da na tambaye ta ba.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya.