Alƙaluman annoba haƙƙin jama'a ne



Ranar 5 ga Maris 2020 aka kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda a Yamai, don ya ba da labarin wani majinyaci da ake zaton yana ɗauke da korona. Yana tsare, ranar 19 ga watan, gwamnati ta sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar. Daga nan aka rufe iyakoki da masallatai, tarzoma ta ɓarke a Miriya da Yamai kan hana sallar jam'i, mutane da dama suna cewa cutar ƙarya ce.

Gaskiya ne ma'aikatar kiwon lafiya ta riƙa bayyana adadin waɗanda suka kamu a lokacin. Amma talakan da ya ga an ɗaure mai ba da labari, da wuya ya gaskata lissafin hukuma. Ɗan kasuwar da aka tare ma hanyar Kano, da malamin da aka rufe ma makaranta, suna da haƙƙin ganin hujja: gwaji nawa aka yi a kowace jiha, gado nawa ya rage a asibiti, ina kuɗin tallafi suka shiga.

Wannan ba roƙon alfarma ba ne. Doka mai lamba 2011-22 ta 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma. Wajibi ne ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa su nemi a riƙa buga waɗannan alƙaluma, da Faransanci da harsunan ƙasa, tun kafin wata annoba ta zo.