Bishara a Manyan Makarantu: Aikin da Ke Gaban Ɗalibai Kirista a Kazaure da Babura

 An nemi in yi magana a kan aikin bishara tsakanin ɗalibai a manyan makarantu. Na san batu ne da a wannan yanki aka fi yin sa da murya ƙasa-ƙasa, kowa a cikin nasa. Na amsa gayyatar ne don ina ganin lokaci ya yi da za a yi shi a fili, Musulmi da Kirista suna zaune wuri guda.

Dalilin kuwa shi ne yankin nan ya sauya. A shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha a nan Kazaure, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, a 2007 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe ta. Ga cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha. A 2021 aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, dab da iyakarmu da Nijar. Makarantar tarayya kuwa ta kowa ce. Yaro daga Langtang zai zo, yarinya daga Zonkwa za ta zo, na Enugu da na Ogbomosho ma za su zo. Ƙara da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda tun 1973 ake rarraba su jihohi, har a tura wasu makarantun Roni da Gwiwa. Ɗalibai Kirista suna nan, za su kuma ƙaru. Abin tattaunawa shi ne yadda za su zauna, da yadda za su yi shaidar bangaskiyarsu.

Bari in ɗan koma baya, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu suna zaton su ne farkon zuwa. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulunci. Duk da haka, ɗan mishan Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa suka yi ta fama da fassara har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A shekarun 1930 ne aka sassauta takunkumin, mishan ɗin SIM ta samu shiga lardin Kano, galibi ta ƙofar magani: aikin kutare a Yadakunya, daga baya kuma asibitin ido a Kano. A ƙasar Kazaure kuwa, Roni ce ta zama mazauninsu, inda suka buɗe makarantar yara maza. Daga irin waɗannan wurare aka samu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu bishara Hausawa, waɗanda suka shiga ikkilisiyar ECWA da aka kafa a 1954. Jikokinsu suna nan da ransu. Wasunsu ma suna cikin wannan ɗaki.

Zumuntar ɗalibai ita ma 'yar Arewa ce. A Gindiri aka kafa zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS a 1957, a hannun malaman makarantun mishan ɗin SUM, ta bazu makarantun sakandare da kwalejojin horar da malamai har ta shiga jami'a. A 1968 aka kafa NIFES, wadda ke da alaƙa da tarayyar ɗalibai masu bishara ta duniya da aka assasa a 1947. Ɗaliban Katolika suna da tasu ƙungiyar, masu hidimar ƙasa suna da tasu. 'Yan'uwanmu Musulmi sun riga mu ma, domin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, tun 1954 take. Kowane ɓangare ya gane abu ɗaya tun da wuri: shekarun da matashi ke yi a makaranta, nesa da idon iyaye, su ne shekarun da yake yanke shawarar irin mutumin da zai zama.

To, me zumunta ke yi a zahiri? Na faɗi wannan ne domin 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda wataƙila kiɗa kawai suke jiyowa daga nesa. Ku shiga wani aji da yammacin ranar tsakiyar mako. An ture kujeru gefe, allo har yanzu da lissafin malamin da ya fita. Wani ya jingina wayarsa a taga tana haska ɗakin don an ɗauke wuta. Za a yi waƙa, a yi addu'a, a kasu ƙungiya-ƙungiya a karanta 'yan ayoyi a tattauna. Daga nan sai sanarwa: wane yana kwance a asibiti, su wa za su je dubiya, wance ba ta cika kuɗin rajista ba, ga shi za a rufe ranar Juma'a, 'yan aji uku za su koya wa 'yan aji ɗaya lissafi ranar Asabar. Sai a zagaya da ƙaramar jaka a karɓi baiko, Naira hamsin, Naira ɗari. Mafi yawan aikin ke nan. Na san ɗaliban da ba don wannan jaka ba da sun tattara kayansu sun koma gida tun zangon farko. Ina girmama wannan aiki, ina kuma roƙon kada kowa ya raina shi.

Amma akwai wanda ke zaune a kujerar baya a wannan aji, wanda saboda shi na tsaya a gabanku yau. Yaro ne daga wani ƙauye a ƙasar Roni, ko Gwiwa, ko ƙetaren iyaka ta wajen Katsina. Bahaushe ne gaba da baya. Kakansa wataƙila Bamaguje ne da ya karɓi bishara a hannun wani mai bishara da ke yawo a kan keke. Shi ne na farko a gidansu da ya tsallake sakandare. A majami'arsu ta ƙauye da Hausa ake komai: waƙa daga Littafin Waƙoƙi, zumuntar mata da tulunansu na kiɗa, wa'azi cikin harshen da uwarsa ta goye shi da shi. Ya zo makaranta, a ɗakin kwana abokansa Musulmi suna mamakin wai ga Bahaushe Kirista, wani ma ya tambaye shi asalinsa daga ina. Ya je zumunta yana neman 'yan'uwa, sai ya tarar komai da Turanci ake yi, ana addu'a da sauri da ƙarfi, ba ya iya bi. Da ya faɗi sunansa, sai a ɗauka sabon tuba ne, a ce ya fito ya ba da shaida, alhali gidansu sun fi shekara sittin suna zuwa sujada. Ya zama baƙo a wuri biyu, a cikin ƙasar da aka binne cibiyarsa. Bayan wata biyu sai a daina ganinsa, ba kuwa wanda zai lura.

Shugabannin zumunta, ku saurare ni da kyau. Kuna shirya gangamin bishara, kuna buga takardu, kuna gayyato mai wa'azi daga Jos ko Legas, kuna neman a kai saƙo ga mutanen ƙasar nan, ga kuma ɗan ƙasar nan zaune a bayanku ba ku ba shi ko karatun aya ba. Shi ya san yadda ake gaida dattijo a Kazaure. Shi ya san abin da in an faɗa zai yi zafi, da abin da za a saurara. Maƙwabtan gidansu Musulmi ne, tare suke noma, tare suke zuwa suna da jana'iza, sun kuma yi shekaru a haka ba tare da an ji kansu ba. Wannan ilimi babu shi a cikin littattafan horon shugabanni da ake aiko muku. Ku sa shi cikin shugabanni. Ku ware lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki da Hausa, ko da sau ɗaya ne a mako. Ku da kuka zo daga nesa kuma ku koyi harshen. Shekara biyu ko huɗu ko biyar a gari, a ce mutum bai iya gaisuwar safe ba, bai iya yi wa mai shago ta'aziyya ba, sannan yana cewa yana ƙaunar mutanen garin? Miller Bature ne, amma ya daɗe yana koyon Hausa kafin ya ce a saurare shi.

Yanzu sai wurin da ke da ciwo, ba kuwa zan kewaye shi ba. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, taron bishara na ɗalibai Kirista ya rikiɗe ya zama faɗa saboda saɓani a kan abin da mai wa'azi ya faɗa game da Alƙur'ani. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka rasa rayuka. A nan Kazaure, a watan Nuwamba na 2003, zargin ɓatanci da ya taso daga makaranta ya kai ga ƙona majami'u da dukiyoyi. Dattawan da ke nan sun fi ni sanin wannan rana. A watan Afrilu na 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masu sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, suka kashe ɗalibai da malamai. A watan Mayu na 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, kan saƙon murya da ta tura a dandalin WhatsApp na ajinsu. Babu wata magana, kome zafinta, da ta halatta wa taron jama'a ɗaukar rai. Akwai hukuma, akwai kotu, malaman Musulunci da dama kuma sun faɗi haka da bakinsu. Wannan na faɗa ba tare da wani sharaɗi ba.

Bayan na faɗi haka, ina da maganar da zan yi wa 'ya'yana Kirista. Bishara labari ne game da Yesu Almasihu. Ba ta bukatar a taɓa mutuncin Annabin wani ko littafin wani kafin ta tsaya da ƙafarta. Ku duba yadda Manzo Bulus ya yi a Atina, a sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni: ya zagaya garin tukuna, ya lura da ibadarsu, ya fara magana daga abin da suka sani, har ya kafa hujja da mawaƙansu. Wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce za su sake saurare, 'yan kaɗan suka bi shi, ya kuma bar garin lafiya. Ɗalibin da ya kwaso muhawara daga YouTube, ta wani da ke zaune a Amurka ko Ingila, ya zo ya zube ta a ɗakin kwana a Babura, ya jefa kansa da 'yan'uwansa cikin haɗari, kuma bai jawo kowa ga Almasihu ba. In abokinka ya tambaye ka abin da ka gaskata, faɗa masa dalla-dalla, kada ka ɓoye, kada ka ji kunya. In bai tambaya ba, yana dai kallonka. Yana ganin ko kana satar amsa a jarrabawa. Yana ganin ko kana biyan bashi, ko kana rage ƙarar waƙarka lokacin da yake salla, ko za ka ci abinci a gabansa da gangan a watan azumi. A gari irin wannan, inda kowa ya san kowa, hali yana riga baki isa.

Haka kuma taimako. In za ku koyar da lissafi ranar Asabar, ku buɗe ƙofa ga kowa, kada ku mai da shi tarko. Mutum yana gane lokacin da ake taimakonsa don Allah da lokacin da ake farautarsa, in kuwa ya gane na biyun, ba zai ƙara yarda da ku ba, da gaskiyarsa.

Ga hukumomin makarantu kuma. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, da yin ibada shi kaɗai ko cikin jama'a, da yaɗa abin da ya gaskata. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda ɗalibai Kirista suka yi shekaru suna yawo daga aji zuwa aji, yau a ba su mabuɗi, gobe a ce mai gadi ya tafi da shi, takardar neman fili kuwa tana kwance a ofis ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Masu yin haka suna zaton zaman lafiya suke karewa. Ni na ga abin da ya haifar. Zumuntar da ba ta da rajista ba ta da malami mai kula da ita, ba wanda ya san wa ta gayyato, ba wanda zai kira shugabanninta ya ja musu kunne kafin abu ya lalace. Ɗaliban kuma suna fita da ɗaci a zuciya, su koma garuruwansu suna ba da labarin Jigawa da wannan ɗacin. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da masallatai da majami'u a harabarta, na Katolika da na sauran ɗariƙu, karatu kuma bai tsaya ba.

'Yan'uwana Musulmi, ku ne masu yawa a nan, ku ne masu masauki. A tarihinku akwai sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, sarki Kirista ya ba su mafaka, ya ƙi miƙa su ga masu neman su. Yaron da ya zo daga Filato ko Binuwai, uwarsa ta sallame shi tana fargaba saboda labaran da take ji. Abin da zai gaya mata a waya a makon farko yana hannun mai gidan hayarsa, da ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga tasha, da shugaban MSS na makarantarsa.

Jami'ar Babura sabuwa ce, yanzu al'adunta ke kafuwa. Roƙona ga masu ruwa da tsaki shi ne tun yanzu a ware wa kowane ɓangare wurin ibadarsa a rubuce, a yi wa ƙungiyoyin ɗalibai na addini rajista da ƙa'ida iri ɗaya, ta lasifika da ta gayyatar masu wa'azi daga waje. A kuma sa shugabannin ɗalibai Musulmi da na Kirista su zauna da shugaban sashen harkokin ɗalibai a farkon kowane zango, su karɓi lambar wayar juna, domin ranar da wani saƙo ya fara yawo a WhatsApp da tsakar dare, a samu wanda za a kira kafin gari ya waye. Kwalejin Kazaure da sauran makarantunmu ma za su iya fara wannan a zangon da za a shiga.