Wa Ke Leƙen Salularka?

 

An ce in yi magana kan tsare sirri a intanet. Ni kuwa da manhajar lokutan salla zan fara, don na san da yawa cikinmu na da ita a aljihu yanzu haka.

A watan Nuwamba na 2020 wata jaridar Amurka, Motherboard, ta fallasa cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi suka sauke don kiran salla da alƙibla, tana miƙa bayanan wurin da mutum yake ga wani kamfani mai suna X-Mode. Shi kuma kamfanin a lokacin yana saida irin waɗannan bayanai, har ga ƴan kwangila masu aiki da sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun saida wa soja wani abu, amma sun yanke hulɗa da kamfanin. To ku duba fa. Ba wanda ya fasa salular kowa. An tambaye mu izini, muka danna "na yarda" ba mu karanta ba, shi ke nan. Wanda kuwa ya san inda salularka ke kwana da inda take zuwa da asuba, ya san gidanku, ya san masallacinku.

Manhajar salla tana buƙatar sanin garinku ne kawai. In a Maraɗi kake, rubuta mata Maraɗi da hannunka, ka kashe mata izinin bin sawunka. Lokacin azahar ba ya canzawa don ka tashi daga gida ka tafi kasuwa.

Akwai manyan kayan leƙen asiri irin su Pegasus na kamfanin NSO a Isra'ila. A 2019 WhatsApp ya kai kamfanin ƙara, ya ce an kai wa mutum wajen 1,400 hari ta hanyar kira, ko da ba su ɗauka ba. Amma gaskiya, wannan kayan gwamnatoci ne, ƴan jarida da ƴan siyasa ake farauta da shi. Mu abin da ke cin mu yana kusa. WhatsApp GB ɗin nan da aboki ke tura maka ta Xender, ba na kamfanin ba ne, ba ka san wanda ya taɓa cikinsa ba. Kile ɗin da ka soka a kwamfutar siber, ka dawo ka soka a taka, shi ma hanya ce. Ga kuma wanda ya ari salularka minti biyu "don ya yi kira", ya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa, yana karanta saƙonninka kana barci. Ku buɗe wurin na'urorin da aka haɗa, duk wadda ba ku sani ba ku fitar da ita. Ku sa kodi na biyu. Lambobi shidan da ke zuwa ta SMS kuwa, ko wa ya kira ya ce kuskure aka yi a turo masa, kada a ba shi.

Abin da ya fi damuna shi ne, sirrin da ke cikin salularka ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai hoton ƙanwarka ba lulluɓi, akwai muryar mahaifiyarka tana faɗa maka matsalar gida. Amana ce. Kafin ka kai gyara ko ka saida, kwashe su, ka goge.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ba mu son ji. A Suratul Hujurat, aya ta 12, Allah Ya hana mu bin diddigin asirin juna, kuma a Suratun Nur Ya hana shiga gidan wani sai da izini. Saurayin da ke sa wa budurwa manhajar leƙe, da mijin da ke binciken salular matarsa tana wanka, su san hanin nan ya shafe su. Dokar ƙasa ma ta yi magana: tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita.

Bayan la'asar muna nan bakin zaure, mai so ya zo mu duba izinonin salularsa tare. Salular tana hannunka, kai za ka danna, mu nuni kawai za mu yi. Ƴan uwa mata, an ware muku taku rumfa. Wassalamu alaikum.