Zango Uku a Ƙaramar Sakandare

Shekarar karatu a ƙaramar sakandare a Nijeriya zango uku ce, kuma kowane zango da irin halinsa.

Na farko yakan fara a watan Satumba. 'Yan aji ɗaya na shigowa da sabon yunifom, suna mamakin yadda malamin aji guda na firamare ya zama malamai barkatai, kowa da darasinsa. Kafin su gama gane kan abin, hunturu ya kunno kai, jarrabawa ta zo.

Zango na biyu yawanci na wasanni ne. A raba ɗalibai gida-gida, ja da kore da shuɗi da rawaya, a yi ta atisayen maci da tsere. Ina son wannan gasa, domin yaron da lissafi ya kayar a aji yakan samu tasa ranar a fili. Sai dai a wasu makarantu makonni ake kwashewa ba a buɗe littafi ba, sannan a aiko wa iyaye takardar kuɗin rigar wasa, alhali dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, kuma dole.

Zango na uku ya fi nauyi. 'Yan aji uku na zana jarrabawar BECE, ƙofar shiga babbar sakandare. A ƙauyuka kuwa damina ta faɗi, uba na neman hannu a gona, ranar shuka sai ka tarar da aji fayau.